Yadda Ake Wanke Tsohon Agogon Nutso Da Maido Masa Da Lafiyarsa

Agogon nutso shi ne wanda aka ƙera wa masu shiga ƙarƙashin teku. Gidansa mai kauri ne, murfin bayansa da kan saitinsa duk ɗaure su ake yi da tiredi, ga kuma zobe mai juyawa a kewayen gilashi wanda mai nutso ke lissafa mintocinsa da shi. Blancpain da Rolex ne suka buɗe wannan fage a 1953, kamfanin Seiko na Japan ya fito da nasa na farko a 1965. Wanda mai gyara a Zariya zai fi cin karo da shi, ko a gwanjon Sabon Gari ko a akwatin wani dattijo da ya yo tsarabarsa daga Makka, ɗan gidan Seiko ne: inji mai lamba 6309 da aka yi daga 1976 zuwa 1988, sai 7002 da ya gaje shi har 1996, sai 7S26 da ke cikin agogon SKX007. A kansu za a yi wannan bayani. Duk ukun masu wana kansu ne da motsin hannu, suna bugu 21,600 a awa, wato shida a daƙiƙa, kuma babu wanda ake wanawa ta kan saiti a cikinsu.

Babu teku a ƙasar Zazzau. Ruwan da ke kashe agogo a nan shi ne na alwala sau biyar a yini, da zufar bazara, da markar Agusta. Mita 150 ɗin da aka rubuta a fuskarsa magana ce ta ranar da ya fito daga kamfani, robar da ta shekara 40 kuwa ta daɗe da bushewa. Don haka aikin kashi biyu ne: a wanke inji a sa masa mai daidai, sannan a toshe gidan yadda ruwa da ƙura ba za su sami hanya ba. Sheƙi ba ya cikin lissafi.

Kayan aiki

Ka tanadi sukundireba na agogo masu baki milimita 0.6, 0.8, 1.0, 1.2 da 1.4, da wani mai faɗi saboda rota, wato ƙarfen nan mai juyawa a bayan inji da ke wana agogo. Ka wasa bakinsu a dutse har kowane ya zauna daram cikin tsagar sukurunsa, domin baki mai kwance shi ke zamewa ya karce faranti. Hantsaki biyu na ƙarfen da maganaɗisu ba ya kamawa, lamba 3 da lamba 5, da ɗaya na tagulla. Gilashin ido mai ƙara girma sau 4 na aiki, da mai sau 10 na bincike. Sai mabuɗin murfin baya mai haƙora uku, wuƙar gidan agogo, mariƙin inji, 'yan ƙarafan ɗaga hannuwa da na danna su, robar hura iska, Rodico mai ɗauke datti, tsinkayen katako na goge rami, safar yatsu, tire mai ɗaki-ɗaki da murfi, da injin danna gilashi. In babu tsinken agogo, tsinken sakace na katako da ka fere da reza zai yi. In babu tire, kwandon ƙanƙarar firij da farantin rufewa ya wadatar.

Wanki da bensin mai tsabta ake yi, irin man laita, a ƙananan kwalabe uku masu murfi, sai sifirit na isofurofil mai kashi 99 na ɗauraya. Fetur ɗin gidan mai yana barin maiƙo, sifirit ɗin kyamis kuma akwai ruwa a cikinsa, tsatsa yake jawowa.

Mai shi ne inda ba a tsumulmula. Moebius 9010 na wili masu sauri da duwatsun balas (wili mai lilo da ke auna lokaci), HP-1300 na wili masu nauyi, 9415 na duwatsun falet (ɗan ƙarfen da ke tare haƙoran wili na ƙarshe yana sakinsu ɗaya-ɗaya), giris 9501 ko Molykote DX na kayan saiti, 8217 na bangon gangar sifirin, da giris ɗin silikon na robobi. Kuɗinsu da nauyi, amma kwalba mai mililita 2 tana wanke agogo ɗaruruwa, don haka 'yan koyo uku ko huɗu za su iya yin karo-karo su saya su raba. In ya zama dole a taƙaita, 9010 da HP-1300 da giris ɗaya su ne ba makawa, 9010 ɗin ya riƙe wa 9415 wuri. Man keken ɗinki kuwa ko kusa. Yana malala ya hau gashin balas, wato siririn sifirin ɗinsa, ya jawo ƙura, cikin 'yan watanni ya zama danƙo.

Tun kafin ka buɗe agogo ka nemo robobinsa sababbi da lambar da ke murfin baya, misali 6309-7040 ko 7S26-0020: ta murfi, ta gilashi, ta kan saiti da ta zobe. Ka kuma nemi mataccen Seiko 5 mai irin injin a wurin 'yan gwanjo. Shi ne ma'ajiyar kayan gyaranka, kuma a kansa ya kamata ka fara koyo kafin ka taɓa na mutane.

Wurin aiki ma kaya ne. A hunturu ka rufe taga, ka kashe fanka, ka goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ka yi aikin da sassafe kafin iska ta taso. Ka shimfiɗa farar takarda a tebur, ka ajiye fitila mai caji kusa saboda ɗaukewar wuta.

1. Bincike kafin buɗewa

Ɗauki hoton agogon ta ko'ina da waya, ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki. Hotunan nan su za su nuna maka hanyar komawa. Duba lambar siriyal mai alƙaluma shida a murfin baya: na farko shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera shi, na biyu wata, inda O, N da D ke nufin Oktoba, Nuwamba da Disamba. Agogon 6309 da lambarsa ta fara da 1D, na Disambar 1981 ke nan.

Girgiza shi a hankali ka saurara. In rota tana ƙarar gogar ƙarfe, boris ɗinta ya saki. Kwance kan saiti ka ƙirga zagaye nawa tiredin ke kamawa. In bai kai zagaye biyu ba, ka sanar da mai agogon tun yanzu cewa zancen hana ruwa da wuya. Gwada canjin kwanan wata da na rana, amma ka fara kai hannuwa ƙarfe shida, domin tsakanin tara na dare da huɗu na asuba haƙoran kalanda a sarƙe suke, tilasta su karya su ne. Kusanta shi da kamfas: in allurar ta bi shi, ya sha maganaɗisu daga sifika ko waya, kuma wannan kaɗai kan sa agogo ya riƙa ƙara mintoci a rana.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi lafiyarka. Agogon da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1960, musamman na Suwizalan, fentin da ke haska lambobinsa da dare yana iya zama na radiyam. Fentin ya daina haske tuntuni, amma radiyam ɗin sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, kuma shaƙar garinsa ko haɗiye shi ne haɗarin. Ɗan koyo kada ya buɗe irin wannan sai an auna shi da na'urar Geiger. Masana fannin ba su yi mana nisa ba, tunda cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a garin nan take. Mai alamar T ko T<25 a ƙasan fuska tiritiyam ne, ya fi sauƙi, amma shi ma ba a hura masa baki ba a kankare shi. Ka sa safa da takunkumi, ka wanke hannu kafin cin abinci.

2. Buɗewa da fitar da inji

Goge daskararren dattin da ke kewayen murfi da busasshen buroshi tukuna, kada ya zube cikin inji. Ɗaure gidan a mariƙi, rufe murfin da leda, daidaita haƙoran mabuɗi cikin ramuka, ka danna da ƙarfi ƙasa sannan ka juya hagu. In ya ƙi, ɗiga ɗan mai mai ratsa tsatsa a bakin murfin ka bar shi ya kwana. Guduma da kurfi da wasu ke yi a bakin hanya tabo ne da ba ya gogewa har abada.

A 7S26, ɗan harshen da ke sakin sandar saiti yana leƙowa ne idan ka kwance tiredi amma ba ka ja kan waje ba. Danna ɗigon da ke jikinsa ka zare sandar. A 6309 ɗan maɓalli ne kusa da sandar. Dannawa kaɗan ake yi, in ka nutsar da shi sosai kayan saiti za su goce ta ɓangaren fuska. Kifa gidan a kan matashin aiki inji ya fito, ka mayar masa da sandarsa.

3. Hannuwa, fuska da kalanda

Haɗa hannuwan uku a ƙarfe 12, ɗora siririyar leda a kan fuska, ka zura ƙarafan ɗagawa ta gefe biyu a ƙarƙashin hannun awa ka ɗaga su tare, a miƙe. Fuskar 6309 sukuru biyu ne a gefen faranti ke riƙe ƙafafunta, ta 7S26 kuwa cusa su aka yi cikin zoben roba, ɗagawa kawai ake yi a hankali.

Ajiye fuska da hannuwa a akwati mai murfi ka manta da su. Ba ruwa, ba sifirit, ba auduga. Iyakar abin da za ka yi mata shi ne hura iska da ɗan taɓa ƙura da Rodico. Baƙin da ya hau fentin lambobi da launin da ya koma ƙasa-ƙasa su ne shaidar shekarunsa, kuma masu sanin darajar kayan da sun fi son asalin fuska mai tabo a kan sabuwar kwaikwayo. Da yawa sun tafi neman gira a nan sun rasa ido.

Faifan ranaku ɗan kilif ne ke riƙe shi a tsakiya, ɗaga shi da bakin ƙaramin sukundireba kana tare shi da yatsa. Wasu faifan Turanci da Larabci ne a jikinsu, kuma samun madadinsu da wahala, ka lallaɓa shi. Cire farantin da ke danne faifan kwanan wata. A 7S26 na farko-farko akwai sukuru ɗaya mitsitsi mai kan kuros a wurin. Sifirin ɗin kalanda tsalle suke yi, don haka ka danne kowane da tsinke kafin ka ɗaga shi, ko ka yi aikin cikin farar leda. Daga nan ka zare wilin awa da bututun minti a miƙe.

4. Sauke ƙarfin sifirin da kwance inji

Juya injin. Cire rota, sannan kayan wana kai: a 6309 suna kan gadarsu daban, a 7S26 wili na biyu ne za ka fara cirewa, kuma sukurunsa bahago ne, dama ake juya shi ya kwance. Nan ne ɗan koyo ke tsinke kan sukuru. A wasu injinan, duk sukurun da ka ga tsaga uku a kansa bahago ne.

Kada ka taɓa falet alhali babban sifirin na ɗauke da ƙarfi, domin wili za su kwasa a guje su kakkarya ƙafafu. Sa sukundireba a sukurun wilin da ke saman ganga, ƙara masa wani kaɗan, ture ɗan makullin da ke tare shi da tsinke, ka bar sukundireban ya riƙa juyawa baya tsakanin yatsunka sannu a hankali har ya tsaya.

Yanzu cire gadar balas. Ɗaga ta tare da balas ɗin a lokaci guda ba tare da ka bar shi yana reto ya miƙe gashinsa ba, ka kifa ta a wuri daban. Sai gadar falet da falet, sai babbar gada, wili ɗaya bayan ɗaya, ganga, wilin tsakiya, kayan saiti a ƙarshe. Kowane rukuni da sukuransa a ɗaki ɗaya na tire, domin tsawonsu ya bambanta. Dogon sukuru a gurbin gajere yana leƙawa ɗaya gefen ya tare wani abu.

Kafin ka cire ganga a 6309, kama sandar tsakiyarta da hantsaki ka motsa gefe da gefe. Ramukan da take juyawa a ciki ba su da dutse a wannan inji, kuma shekaru suna buɗa su. Alamarsa ita ce zanen goga a ƙarƙashin gada, inda gangar ta karkace tana shafa. Ko ka wanke shi fes, agogo mai wannan ciwo ba zai yi ƙarfi ba. Gyaran gaske shi ne a dasa dutse a ramin ko a matse shi da kayan dukan rami. Wanda bai kai nan ba ya ɗauko faranti da gada daga injin ajiya.

5. Wanki

Fere tsinke ya yi tsini ka murza shi cikin kowane ramin dutse ta gefe biyu, ka sake ferewa, ka maimaita har ya fito fari. Tsallake wannan shi ne babban dalilin da ke sa agogo ya dawo bayan wata uku, domin busasshen tsohon mai ba ya narkewa da jiƙo kawai. Tsoma inji ɗungurungum cikin fetur a girgiza a mayar, ba wanki ba ne, kwashe ragowar man ne a bar dattin.

Jiƙa kayan a kwalbar farko minti goma, ka goge su da ƙaramin buroshi mai laushi, haƙori bayan haƙori. Wuce da su ta biyu, sannan ta uku, ka ɗauraye a sifirit na 'yan daƙiƙu. Falet da balas ba sa shiga sifirit, saboda ƙaron da ke riƙe duwatsunsu narkewa yake a cikinsa. Bensin kawai, shi ma a taƙaice. 'Yan wilin roba na kalandar 7S26 tsomawa ɗaya a fitar. Busar da komai a kan takarda marar gashi da iska mai ɗumi. Da damina wannan dole ne, domin bensin na sanyaya ƙarfe yayin da yake tashi, raɓa ta sauka a kai, kwana biyu ka ga tsatsa. Kada a yi wankin kusa da risho ko gawayi.

Duwatsun balas na Seiko suna ƙarƙashin ɗan sifirin mai kunne uku da ake kira Diashock. Ba ya buɗewa kamar ƙyaure, juya shi ake yi har kunnuwan su fito ta tsaga ɗaya bayan ɗaya. Danne shi da tsinke kana juyawa. Raba dutsen murfi da na rami, wanke su, ka goga shimfiɗaɗɗen gefen na murfin a takarda har ya yi ƙyalli. Na sama daban, na ƙasa daban, kada su cakuɗe.

In ruwa ya taɓa shiga, sandar saiti da maƙwabtanta ne ke fara tsatsa. Ta sama-sama tana fita da buroshin zaren gilashi. Wilin da tsatsa ta ci tsinin ƙafarsa kuwa ya gama aiki, canza shi. Duba kowace ƙafa da gilashi mai sau 10: ta zama sumul, a miƙe, ba zobe a jikinta.

6. Babban sifirin

Buɗe murfin ganga, ɗauki hoton inda sifirin ya nufa, cire sandar tsakiya, ka saki sifirin kaɗan-kaɗan cikin tafin hannu. Lafiyayye yana buɗewa da siffar S kuma yana kwanciya shimfiɗe a tebur. In ya tsaya a naɗe, ko wani gefe ya ɗaga, ya gaji. Shafa 8217 ɗigo uku ko huɗu a bangon ganga ta ciki. Wannan giris birki ne: yana barin jelar sifirin ta zame idan ya cika, ba da wuri ba. In ya yi yawa ko aka sa mai a madadinsa, sifirin zai riƙa sulluɓewa tun bai cika ba, agogon ya mutu kafin asuba.

Da na'urar naɗi ake mayar da shi. Mayarwa da hannu tana karkata shi, tana kuma zubo ɓarɓashin safa. Wanda ba shi da na'urar, gara ya sayi sabon sifirin, wanda ke zuwa a naɗe cikin zobe a tura shi kai tsaye, ko cikakkiyar ganga in 7S26 ne.

7. Haɗawa da sa mai

Ƙa'idar ita ce mai ya zauna a inda aka ajiye shi. Ɗigon da ka gani da ido ba gilashi ya yi yawa. Taɓa tsinin allurar mai a kofi, ka kai ta gindin ƙafar wili cikin kwarmin dutse, mai ya zagaye ƙafar kawai bai cika kwarmin ba. In ya hau saman dutse, sake wanke wurin, domin man da ya sami hanya zai janye sauran ya bar ƙafar a bushe.

Fara da kayan saiti, giris ƙiris a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ka gwada matakan sandar uku. Sai wilin tsakiya da ganga da HP-1300. Jera sauran wili, ɗora gada ba tare da ɗaure sukuru ba, ka riƙa lallaɓa kowace ƙafa da tsinin hantsaki har ta faɗa raminta. Gada ba ta son dole: in ba ta zauna da kanta ba, wata ƙafa na waje, kuma ɗaure sukuru a haka fasa dutse ne ko karya ƙafa. In ta zauna, ɗan tura ganga. Wili su kwasa ba gargada, na ƙarshen ya ɗan dawo baya kafin ya tsaya. Ganin wannan dawowar ne ke nuna hanya a buɗe take. Sa HP-1300 a wili na uku, 9010 a na daƙiƙa da na tserewa.

Mayar da falet. Ƙafafunsa ba a sa musu mai sam. Wana sifirin zagaye ɗaya, ka taɓa jelarsa da tsinke: ya kamata ya yi tsalle da kansa zuwa ɗaya gefen. Ɗiga 9415 mitsitsi a goshin dutsen fita, ka wuce haƙora biyar, ka sake, har sau uku, haƙora 15 ɗin su samu.

A dutsen murfin balas, ɗigon 9010 ya zauna a tsakiyar shimfiɗaɗɗen gefe, faɗinsa wajen rabin dutsen. Kifa na rami a kansa, ka duba ta sama ka ga zagayen mai a tsakiya cif, sannan ka mayar ka kulle. Wajen saukar da balas, ka lura ɗan dutsen da ke ƙarƙashinsa ya shigo ta gefen da bakin falet ke kallo. In ya shiga daidai, tun kafin ka ɗaure gada zai fara bugawa.

Abin wana kai na Seiko, wanda suke kira Magic Lever, ƙarfe ne mai hannu biyu, ɗaya na ja ɗaya na turawa, shi ya sa duk inda rota ta juya sifirin na samun wani. Duba faratansa da kyau. In sun dakushe zamewa za su riƙa yi. Giris kaɗan a inda yake juyawa da haƙoran wilin da yake kamawa, 9010 ɗigo ɗaya a boris. A 7S26 rota tana da mazauni: ramin da ke jikin wili na farko ya yi layi da alamar da ke gadar balas, tsakiyar rota kuma ta kalli sandar saiti, sannan a ɗaure.

8. Saita gudu

Cire masa maganaɗisu, juya sukurun ganga zagaye bakwai zuwa takwas ya cika, ka bar shi ya kwana yana aiki kafin awo. A na'urar auna bugu irin Weishi 1000, sa kusurwar ɗagawa (lift angle) 53 in 7S26 ne. Faɗin lilon balas a kwance ya kama daga digiri 240 zuwa 270, wanda ya isa ga Seiko ko da yake na Suwizalan kan fi haka. A tsaye zai ragu da 30 zuwa 40. In ya gaza 200, kada ka taɓa saiti, koma ka nemi datti, ramin ganga ko gajiyayyen sifirin. Hannu biyu ne a gadar balas: mai riƙe ƙarshen gashi shi ke gyara ɗingishin bugu, ka kawo shi ƙasa da 0.5, ɗayan shi ke ƙara gudu ko ragewa. Fara da na ɗingishi. Da tsinke ake turawa, motsin da ido bai gani ba yana iya kai daƙiƙa 20 a rana.

In babu na'ura, manhajar waya da makirfon iyafis tana ba da kimantawa a ɗaki shiru. In ita ma babu, daidaita shi da agogon waya ka duba bayan awa 24, kwana ɗaya a kwance, kwana ɗaya kan saiti na kallon ƙasa. Tsohon agogon da ke ƙara daƙiƙa 10 zuwa 15 a rana ya yi abin yabo.

9. Gida, gilashi da robobi

Zura wuƙa da ka naɗe da leda ƙarƙashin zoben waje ka ɗaga. A 6309 akwai ƙwallon ƙarfe mitsitsi a kan sifirin a ƙarƙashinsa, yi aikin cikin leda don kada ya ɓace. Gilashinsa mai milimita 32 wani zoben ƙarfe ne ke danne shi, na SKX007 mai 31.5 kuwa turo shi ake yi daga ciki. Wanke gidan da ruwan ɗumi da sabulu da buroshin haƙori, ka sakace kwarmin robobi da tsinke, tiredin bututun kan saiti kuma ka zagaya shi da zaren sakace haƙori.

Duba kwarmin robar murfi da gilashin ido. Gishirin zufa yana cin ƙarfe a nan ya bar ƙananan ramuka, kuma in ramin ya ratsa inda roba ke kwanciya, sabuwar roba ma ba za ta toshe shi ba. Bututun kan saiti a waɗannan agogai manne yake da gidan, canza shi aikin ƙwararre ne. Gurza gida a injin sheƙi kuwa ban ba da shawararsa ba: yana cinye kusurwoyi da zanen asali, kuma ƙarfen da ya tafi ba ya dawowa.

Robar murfi, ta kan saiti da ta zobe a shafa musu silikon su yi ƙyalli kawai. Robar gilashi mai tauri ta SKX a bushe ake sa ta. Daidaita zoben mintoci na ciki da ƙarfe 12, ka danna gilashi a miƙe, kana juya gidan kana duba ko wani gefe ya fi wani tudu.

10. Gwajin ruwa

Gidan ake fara gwadawa ba inji a ciki. A na'urar gwaji, rataye shi sama da ruwa, buga iska har matsinta ya kai bar 3, daga baya 6, jira minti uku, nutsar da shi, sannan ka saki iskar a hankali. 'Yan kumfa daga ƙarƙashin zobe ba komai ba ne. Jerin kumfa mai fitowa daga wuri ɗaya ba tsayawa, nan ne ɓular. Fito da shi kafin iskar ta ƙare.

In babu na'ura, sa farar takarda a gidan, ɗaure komai, ka bar shi a bokitin ruwa ya kwana. Da safe ka goge shi, ka ɗumama shi zuwa digiri 40 ko 45 a ƙarƙashin fitila, ka ɗiga ruwan sanyi a gilashi, ka share bayan minti ɗaya. In gumi ya fito ta ciki, yana yoyo. Wannan gwajin alwala da ruwan sama kaɗai yake lamuncewa, ka faɗa wa mai agogon haka ƙarara. Ƙa'idar ISO 6425 ta agogon nutso tana gwada shi ne a matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari, kuma wanda zai shiga ruwa da gaske kada ya jingina ransa da tsohon agogon da bai ga irin wannan gwaji ba.

11. Rufewa

Mayar da kalanda da fuska. In ka ari faifan ranaku daga Seiko 5, ka duba shi a taga tukuna, domin na agogo mai kan saiti a ƙarfe uku ba ya zama daidai a mai ƙarfe huɗu. Juya saiti har kwanan wata ya faɗa, nan ne sha biyun dare, sai ka dasa hannun awa da na minti a 12, na daƙiƙa a ƙarshe. Kalle su ta gefe ka zagaya da su awa 12, kada wani ya shafi wani ko ya taɓa gilashi. Hura gidan, bi cikin gilashi da Rodico, saka inji, ɗaure murfi da ƙarfi madaidaici.

Wajen ɗaure kan saiti, danna shi ka juya baya har ka ji ya faɗa, sannan ka juya gaba. Koya wa mai agogon wannan da hannunsa, domin haka tiredin zai daɗe, ka kuma ja masa kunne ya riƙa duba kan a ɗaure yake kafin ya ɗauki buta. Robobi a duba su duk shekara biyu, inji a wanke shi duk shekara huɗu ko biyar.

Kada ka miƙa shi ranar da ka rufe. Ɗaura shi a hannu yini guda, ka ajiye ka ga awa nawa zai yi. Cikakken wani a 7S26 yana kai wajen awa 40. In ya mutu cikin dare bayan yinin da aka sa shi, amma yana kai awanninsa idan ka wana shi ta sukurun ganga, laifin na faratan Magic Lever ne ko boris ɗin rota. In ta sukurun ma bai kai ba, koma kan ganga da giris ɗin bangonta. In kuwa kullum tsakanin sha ɗayan dare da ukun asuba yake tsayawa, buɗe ɓangaren kalanda ka nemi abin da ke cijewa.